Kazar da Na Yi wa Jinya Don Ta Jira Wuƙa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe. Amma akwai wata kaza wake-wake da na yi wa jinyar kwana tara a Madarunfa, wadda na tabbata ko na tsufa har na kasa gane 'ya'yana, ita ba za ta fita raina ba. Jikokina suna dariya idan na faɗi haka, suna cewa duk abin da ya faru a duniya ban ga na riƙewa ba sai kaza. Ina barin su su yi dariyarsu, domin ni ma da farko abin dariya na ɗauke shi.

Damina ta biyu ce da aurena, 'yan shekaru kafin babbar yunwar nan da ta ƙarar da shanu. Ni 'yar cikin Maraɗi ce, kuma na yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, kafin a cire ni. Shekara ukun nan kuwa a kaina nake ɗauke da su duk inda na shiga, ina ganin babu wanda ya kai ni wayewa. Aka kawo ni gidan manoma, nesa kaɗan da bakin tabki. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Sai kaji, waɗanda suka fi mu yawa, kuma a ganina suka fi ni gata. Na tsane su tsana mai tsanani. Ka shimfiɗa tabarma su yi mata kashi, ka baza gero su zo su yi biki, ka ɗaga muciya kuma ka tuna na Inna ne, ka sauke.

Da zan ce Inna muguwar suruka ce, da labarin ya fi daɗin ji, amma ba haka take ba. Mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan gani. Idan na yi kuskure ba ta faɗa. Sai ta taso ta gyara abin a gabana, ta koma ta zauna. Wannan shirun nata ya fi mari ciwo a wurina. Abu ɗaya nake nema a gidan nan ido rufe: ranar da Inna za ta daina kallona a matsayin 'yar birnin da ba ta iya komai ba.

A cikin kajin akwai wake-waken da na ambata, ita ce uwar garke. Kowace damina Inna takan sa mata ƙwan zabi ta kwanta a kai, domin zabuwa ba ta iya raino, ita kuwa ba ta taɓa barin ƙwai ya lalace ba. Rabin zabin da ke yawo bayan gidanmu ita ta ƙyanƙyashe su. Inna ba ta yabon mutum, amma na sha jin tana yabon wannan kaza.

Ana cikin haka aka aiko cewa 'yar Inna da ke aure a Safo ta haihu. Inna ta ɗaure kayanta za ta je ta kama mata jego. Har an ɗora ta kan jaki, sai ta sa aka tsaya, ta kira ni.

"Ga gida nan, ga kaji nan," ta ce. "Wake-waken nan ki sa mata ido. In kin ga ciwo ya taɓa ta, kar ki tsaya wata dabara, ki nemo mai yanka tun da ranta. Gidanga ba a taɓa jefa mushe bayan danga ba."

Na durƙusa na ce, "To, Inna."

Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. Kazar da ta mutu da kanta mushe ce, ba a ci, sai a jefar bayan gida. In an jefar kuwa ba a ɓoyewa, domin ungulu za su yi shela, duk mai wucewa ya san a gidan nan akwai macen da kaza ta yi ciwo a gabanta har ta mutu ba ta lura ba. Saboda haka maganin kaza a wurin su Inna guda ɗaya ne, wato wuƙa, kuma gwaninta ita ce a yi saurin kai ta.

Kwana biyu da tafiyar Inna, maigidana ya ɗauki hauyarsa ya tafi gonarsu mai nisa ta wajen garin Sarkin Yamma, inda suke kwana a bukka har su gama noma. Da shi da kusan duk majiya ƙarfin unguwar suka tafi, domin gayya suke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan. Aka bar ni da kaji da tsofaffi.

Washegari da safe na buɗe akurki, kowa ya fito da gudu ban da wake-wake. Na leƙa na gan ta a takure, fuka-fuki a sake, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, hanci yana yoyo, tana buɗe baki tana jan numfashi da wata ƙara kamar ana jan ruwa da kara. Yanzu da na tsufa babu amfanin in yi wa kowa ƙarya: abin da na fara ji a raina daɗi ne. Tun layya ban sa nama a bakina ba, kifin tabki kuma ya ishe ni. Ga umarnin Inna a hannuna, ga kaza mai nauyi, ga gida babu kowa sai ni. Ban ma tsaya neman mai yanka ba, sai da na fara jawo turmi na daka tafarnuwa da citta da barkono da masoro, na rufe a ƙoƙo. Sannan na ɗauki kazar na kai ta madafa na kife ta da kwando, don ta kasance kusa idan mai wuƙa ya zo.

A lokacin duk matan da na sani sun yarda cewa mace ba ta yanka. Haka muka taso muka tarar, babu wadda ta taɓa tambaya. Saboda haka na yafa mayafi na leƙa gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da nake kira Gwaggo, wadda mijinta masunci ne, bai tafi gona ba.

"Gwaggo, maigida na nan? Kaza za shi yanka mini."

Ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗiyata, ke baƙuwa ce har yanzu. Mutumin da goshinai bai taɓa ƙasa sai ranar idi? In ya yanka miki, da yankan da mushen duk ɗaya, ba mai ci a garinga. Ni da nike matatai ba ni cin yankanai."

Na wuce wurin wani tela da ke bakin hanya. Ya saurare ni da kyau, ya ba ni haƙuri, ya ce matarsa tana da ciki wata bakwai, a gidansu kuma namiji ba ya zubar da jini sai ta sauka. Na ce masa kaza ce fa, ba sa ba. Ya ce jini dai jini ne, ya ci gaba da taka kekensa.

Saura limamin unguwa, tsoho mai sanyin hali. Na yi sallama daga zaure na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce in je, yana nan zuwa bayan la'asar in Allah ya so. Na koma gida na ɗora ruwan figa a wuta. La'asar na yi hadari ya haɗu, aka kece da ruwa har bayan magariba. Da gari ya waye na koma, iyalinsa suka ce an yi masa rasuwa a Ɗan Issa, ya tafi tun da asuba, zai dawo gobe. Goben nan kuwa gulbi ya cika ya tare hanya.

Nan ne hankalina ya fara tashi. Kazar ta daina ɗaga kai. Na fara hango ungulu bayan dangarmu, da Inna tana saukowa daga kan jaki, tana jin labari, ba ta cewa komai. Na ruga wurin Gwaggo na ce mata ta taimake ni da abin da zai riƙe ran kazar nan har liman ya dawo. Ban ce ta warke ba, ban ma yi tunanin warkewa ba. Ni dai kar ta riga wuƙa.

Gwaggo ta shigo da ɗan sassaƙen maɗaci ta ce in jiƙa. Ta ce kuma da za a sami tafarnuwa da barkono da citta a dake, a zuba kaɗan a ciki, da ya fi. Na ɗauko ƙoƙona na buɗe mata. Ta dubi kayan, ta dube ni, ta shinshina.

"Har da masoro," ta ce. "Lalle kin shirya ma jinya."

Da kayan miyar da na daka don in ci ta na fara yi mata magani. Gwaggo ta nuna mini yadda zan matse ta a cinyata, in buɗe bakin da yatsa, in ɗiga ruwan da gashin tsuntsu ta gefe, kaɗan-kaɗan, kar ya bi hanyar numfashi. Ta nuna mini yadda zan wanke idon da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, in matse wani farin abu mai wari da ya taru a ciki. Karon farko sai da na fita na yi amai. Na dama kunu mai ruwa-ruwa ina ɗura mata da bakin ludayi, rabi a cikinta rabi a zanena. Na shimfiɗa mata tsumma a cikin kwando kusa da murhu saboda sanyin damina. Ni da nake toshe hanci idan na wuce akurki, sai ga ni ina duba kashin kaza ina murna idan ya ɗan yi kauri.

Shekaru da yawa bayan haka wani malamin dabbobi ya gaya mini cewa ware ta da na yi daga sauran kajin shi ne ya hana ciwon cinye garken. Ya yaba mini ƙwarai, ya ce ashe tun da can akwai mata masu basira. Na karɓi yabon ban ce masa komai ba, domin na ji nauyin in gaya masa don ta yi kusa da tukunya na kai ta madafa.

Har magana nake yi mata. Ina ɗura mata magani ina cewa, "Ki rufa mini asiri ki kai gobe. Gobe kawai na roƙe ki." Gobe ta yi in sake roƙon wata goben. Ba na jin an taɓa yi wa wani mai rai jinya da muguwar niyya irin tawa, kuma ba na jin an taɓa yin jinya da himma irin tawa.

Ban san lokacin da abin ya juya ba. Abin da na iya tunawa shi ne rana ta huɗu, da hantsi, na zuba jiƙaƙƙen gero a tafin hannuna na miƙa mata ba tare da sa rai ba. Ta daɗe tana kallonsa da idonta mai lafiya, sannan ta kai baki ta tsinci ƙwaya ɗaya, ta sake tsintar wata. Da ta gaji sai ta kwantar da kanta a kan wuyan hannuna ta lumshe ido. Na zauna a haka har hannuna ya yi tsami, ban janye ba. Daga ranar, idan na ji sallamar namiji a ƙofar gida sai in yi addu'ar kar ya kasance mai wuƙa ne.

Rana ta biyar liman ya iso, da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, yana ta ba ni haƙurin jinkiri. Na shimfiɗa masa buzu a zaure, na kawo ruwa, na tambayi hanya, na yi ta'aziyya, na tambayi yadda gulbi ya yi da mutane. Da tambayoyi suka ƙare mini ya ce in kawo kazar. Na kawo ta a rungume, na durƙusa nesa da shi.

"Allah gafarta malam, na ga kamar ta ji sauƙi."

Ya dube ta da kyau. "Ɗiyata, ciwon kaji mayaudari ne. Sai ta miƙe kamar ta warke, da sahe a iske ta a sandare. Ni dai ga ni, ga wuƙa. In na tahi ta mutu, ba ki da abin da za ki hwaɗa ma surukarki."

Gaskiya ya faɗa. Zuwa jiya, da ta mutu, ina da hujja: na nema ban samu ba. Daga yau kuwa wuƙa ta zo har gida, ni na mayar da ita. Na sunkuyar da kai na ce a bar ta tukuna. Ya naɗe wuƙarsa ba tare da ya yi fushi ba. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"To, in kin ga za ta tahi, ki dubi gabas, ki yi bisimilla, ki sa wuƙa da kanki. Yankan mace ya halatta, ba inda anka hana."

Na bi shi da kallo baki buɗe. Kwana biyar ina zagaya unguwa ina roƙon maza, ashe mai yankan tana cikin gidan, tana dama kunu. Da ya faɗa mini haka tun ranar farko daga cikin zaurensa, da tuni na suɗe ƙashi. Yanzu da ba na so, ya damƙa mini yankan a hannuna ya tafi.

Rana ta bakwai maganarsa ta so ta tabbata. Da azahar na shiga madafa na iske kazar kwance a gefe ɗaya, ƙafa a miƙe, wuya ya karkace, numfashi sai an kasa kunne. Na ƙwala wa Gwaggo kira ta kan danga. Ta zo ta taɓa ta, ta girgiza kai.

"Wagga kam ta tahi. Ɗauko wuƙa tun ba ta huce ba."

Na ɗauko wuƙar Inna na wasa a bakin turmi. Na fito da kazar tsakar gida, na fuskanci gabas, na take fuka-fukan da ƙafa kamar yadda na ga maza suna yi, na kama kan. Wuyan duk ya rame, ina jin jijiyarsa tana motsi a ƙarƙashin yatsana. Na yi bisimilla sau uku, hannuna ya ƙi sauka. Gwaggo tana tsaye a kaina tana cewa in yi sauri. Na ajiye wuƙar a ƙasa, na ɗauki kazar na sa a cikin zanena, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka rabo ni da gidanmu. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi wa kaza zaman makoki tun tana da rai ba, ta tafi abinta.

Yinin ranar a jikina ta yi shi. Ina ɗiga mata ruwa, ina hura mata iska a baki, ina addu'o'in da ban san na iya ba. Na riga na sallama cewa na jawo wa kaina kunyar da nake gudu, har na zaɓi inda zan haƙa rami in binne ta kar ungulu su gani. Da safe na ɗaga kwandon ina kau da kai, sai na ji an tsattsage ni a yatsa. Tana tsaye da ƙafafunta, tana layi, amma tana tsaye. Na fita bayan gida na fasa wani tsohon dungun kara da gara ta cinye, na kwaso mata garar a sakaina. Ta cinye tas ta nemi ƙari.

Rana ta tara na buɗe mata madafa ta fita. Abin da ta fara yi shi ne korar wata budurwar kaza da ta gaje mata wuri a bakin turmi. Ta warke sarai, sai dai ciwon ya bar mata shaida: idon nan bai sake buɗewa ba, wuyan kuma ya ɗan karkace, tana tafiya kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Ni kuwa na ci gaba da ba ta gara da dusa a ɓoye, har ta fi da ƙiba. Duk inda na zauna tana gindina.

A nan ne 'yar lakwal ta yi wayon da ya kashe ta. Da maigidana ya dawo na ba shi labari, ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama na ce ya yi mini alkawari ba zai gaya wa Inna ba. Ranar tafiyarta Inna ta ce kar in tsaya dabara, na tsaya. Ta ce in nemo mai yanka, ya zo har gida na sallame shi. A ganina in ta ji, ba warkewar za ta duba ba, saɓa maganarta za ta duba, ta ce 'yar birni ta yi caca da kazarta. Ya ce shi bai ga abin ɓoyo ba, amma na nace har ya rantse. Na je na roƙi Gwaggo ita ma ta kama bakinta.

Bayan sati uku Inna ta dawo da yamma, a gajiye. Na karɓi kayanta, na kai mata ruwa, na gaishe ta. Kaji sun riga sun shiga akurki.

"Kaji lahiya?" ta tambaya.

"Lahiya lau, Inna."

Ta ce madalla, domin a Safo wani ciwo ya shiga kaji yana ta kwasa, ta ido yake farawa, kafin a ankara gida ya zama kango. Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta, in shiga in faɗi gaskiya. Na ce Allah ya kiyaye, na tashi na shiga madafa.

Da safe ina daka a tsakar gida, Inna ta fito da ƙwaryar tsaki tana kiran kajinta. Suka taru. Wake-wake ta taho daga baya, ido ɗaya a rufe, wuya a karkace. Na ga Inna ta tsaya cak. Ta ajiye ƙwaryar, ta sunkuya ta cafke ta, ta kira ɗanta da muryar da ban taɓa jin ta yi amfani da ita ba.

"Zo da wuƙa maza. Ciwon ya iso, ga shi ya kama ido."

Wuƙar da na yi kwana biyar ina nema a gari ban samu ba, ranar nan ba ta ɗauki lokacin shan ruwa ba. Maigidana ya fito, ya karɓi kazar, ya take fuka-fukan. Sai ya ɗago kai ya dube ni. Ya rantse ba zai faɗa ba, saboda haka jira yake ni in faɗa. Ya yi ta gyara tsayuwa, ya duba kaifin wuƙar, ya sake duba ta, duk don ya ba ni lokaci. Taɓarya tana hannuna, maganar tana bakina, kalma huɗu ce ko biyar. Amma in na faɗa, na ƙaryata lafiya lau ɗin jiya, na kuma katse surukata a gaban ɗanta. Na tsaya ina auna wace kunyar ta fi sauƙi. Ina cikin aunawa Inna ta ce, "Mi kake jira?" Ya yi bisimilla.

Ban ga sauran ba, na juya baya. Na dai ji bugun fuka-fuki a ƙasa, sannan shiru.

Inna ta zo ta tsaya kusa da ni, kuma a karo na farko tun zuwana gidan ta yi mini faɗa da baki. Ba da zafi ba, a hankali, irin na mai koyarwa. Ta ce kiwo ido ne. Ta ce ita daga zuwanta ta gani, ni kuwa ina kwana ina tashi da kazar nan ban lura ba, da ta ƙara kwana biyu a Safo da an jefa mushe. Na ce, "To, Inna." Sunan da na yi ƙarya don in guje masa, shi aka kira ni da shi, kuma na amsa.

Tare muka yi figa, ita tana riƙe ni ina zuba ruwan zafi. Tun a nan na ga tana juya kazar a hannu tana jin nauyinta. Da ta fasa cikin sai hannunta ya tsaya. Kitse ne rawaya ya lulluɓe ko'ina, hanta jawur babu tabo, ga ƙwai jere, manya da ƙanana, ɗaya har ya fara yin ɓawo. Ta daɗe tana kallo. Ta jawo kan ta buɗe idon nan da yatsa, ta ga babu kumburi babu ruwa, tsohon tabo ne busasshe. Sannan ta dube ni.

"Wagga ba shiga ciwo take ba," ta ce. "Hitowa ta yi. Yaushe?"

Na faɗa mata duka, hawaye yana zuba cikin ruwan figa. Ban rage komai ba, har zuwan liman da komawarsa.

"Kwana nawa kinka yi kanta?"

"Tara, Inna."

Ta tsame ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya ta sa a ƙaramar tasa, a hankali, kamar masu fashewa ne a hannun mai rai. Na jira faɗa, ban samu ba.

"Tun ina yarinya nike kiwon kaji, ban taɓa tsai da ciwon nan ba," ta ce. "Ke kin tsai da shi, kin ɓoye kamar kin yi sata. Awo, haka ne, na ce kar ki tsaya dabara. Da kin hwaɗa mini, da na yi miki hwaɗa, in gama hwaɗana, kazata na nan tana kiwo."

Aka dafa naman domin halal ne, ba a zubarwa. Ni ban iya ci ba, Inna ma ta taɓa romo ta ture kwanon. Maigidana ne ya rufa mana asiri, shi ma kansa a sunkuye.

Daga baya Inna ta riƙa turo mini matan unguwa idan kajinsu sun yi ciwo, tana ce musu su je wurin ɗiyarta, ita ta san kan abin. Matsayin da na yi shekara biyu ina nema na same shi, amma duk lokacin da ta faɗi haka sai wake-wake ta faɗo mini a rai.

Abin da na koya ba a kan kaji ba ne. Ciwo bai kashe kazar nan ba, yunwata ba ta kashe ta ba, Inna ma da ta ba da umarni ba ita ta kashe ta ba. Shiruna ne ya kashe ta, shirun da na ɗauka ladabi ne alhali tsoro ne. Tun daga ranar, idan wanda ya ba ni amana ya tambaye ni lafiya, kuma akwai labari, zaunar da shi nake yi in ba shi labarin tun daga farko, in sunkuyar da kai in karɓi faɗan da zai biyo baya. Na sha faɗa da yawa a sanadin haka, kuma babu ko ɗaya da na iya tunawa yau. Wanda na guje wa ne kaɗai har yanzu yake hana ni cin kaza wake-wake.